Mage a Ɗakin Kiɗa: Yadda Za Ka Yi Darasi a Gida Ba Tare da Ta Hana Ka Sakat Ba

Duk mai koyarwa ko koyon kiɗa a gida, in dai yana da mage, ya san halin. Yini guda tana kwance ba ta kula kowa ba, amma da an ɗaga murfin fiyano ko an zaro jita daga jaka sai ta miƙe. Ta hau cinya, ta bi ta kan madannai, ta zauna daram a kan takardar da ake karantawa, ko ta tsaya bakin ƙofa tana kuka kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba. Ranar farko kowa dariya yake yi. Da tafiya ta yi tafiya, sai malami ya lura rabin darasi yana ƙarewa wajen ɗauke mage da mayar da hankalin ɗalibi.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, mage ba mugunta take yi ba, kuma ba taurin kai ba ne. Tana maimaita duk abin da ta gwada ya biya ta. Galibi mu ne muke biyan ta ba mu sani ba. Saboda haka yawancin aikin ba a cikin darasi ake yin sa ba, kafin a fara ne.

Mataki na 1: Fara gane abin da take nufi

Kada ka gyara komai sai ka zauna ka kalle ta a darasi biyu ko uku. Abu uku ne ke kawo mage wurin mai kiɗa, kuma maganin ɗaya yana iya ɓata ɗaya.

Na farko neman kulawa. Za ka gan ta ta taho jela a tsaye, bakin jelar ya ɗan lanƙwasa, kunnuwa suna gaba, tana goga kumatu a ƙafarka ko a jikin kayan kiɗan. A kumatunta akwai wuraren da ke fitar da wani wari da hancinmu ba ya ji, da shi take sa wa abu alama cewa na gida ne. Wannan mage kai take so. Kada ka yi mamaki, domin a 2017 Kristyn Vitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun ba kyanwoyi zaɓi tsakanin abinci, abin wasa, ƙamshi da hulɗa da mutum, kusan rabinsu mutum suka zaɓa. Ka duba lamarin ta idonta: ga ka zaune wuri ɗaya, ba ka tashi, hannuwanka suna motsi, muryarka tana tashi, amma duk ba da ita kake ba.

Na biyu farauta. Ita wannan ba ruwanta da kai. Idonta na kan bakan goge da ke kai da komowa, ko sandar metronom, na'urar ƙidaya bugun kiɗa, mai lilo, ko yatsun da ke gudu a kan madannai. Za ta laɓe, ƙwayar idonta ta buɗe, ta karkaɗa ƙugu, sai tsalle.

Na uku damuwa, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Kunnuwa sun kwanta gefe ko baya, jela tana bugun ƙasa, fatar baya tana motsi, kukan dogo ne mai kauri. Wata ma takan zo ta ciji hannun mai busa ko ta ɗora ƙafa a bakin mai waƙa, mutane su ce ai son kiɗan take yi, alhali so take a daina. A ma'aunin kaifin sauti da ake kira hertz, kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000, na mage kuwa ya haura 60,000. Madanni na ƙarshe a fiyano hertz 4,186 yake bayarwa, amma kowane sauti yana tafe da wasu siraran sautuka a samansa, kuma ita tana jin waɗanda mu ba ma ji. Ƙarar da goge ke yi a hannun sabon ɗan koyo, ko sarewar da aka busa da ƙarfi, ta fi kai mata fiye da yadda take kai maka. Idan taka irin wannan ce, tsallaka zuwa mataki na 5 tukuna.

Mataki na 2: Gajiyar da ita kafin ɗalibi ya zo

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka.

Mage takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ƙarfinta ya fi tashi da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. To, darussan gida da yawa da yamma ake sa su, bayan an taso makaranta ko aiki. Wato daidai lokacin da ta gama hutawa jikinta ke neman farauta, lokacin ne kai kuma ka juya mata baya.

Tsarin jikinta a jere yake: farauta, ci, lasar jiki, barci. Aikinka ka tura ta cikin wannan jerin yadda barcin zai faɗo a kan lokacin darasi. Kamar minti 40 kafin a fara, ɗauko sanda mai igiya da gashin tsuntsu ko ɗan ƙyalle a baki, ka yi wasa da ita na minti 10 zuwa 15.

Yadda ake wasan yana da muhimmanci, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Suna kaɗa mata abin a fuska, ita kuma ta kalle su ta kau da kai, sai su ce magensu ba ta son wasa. Ɓera ba ya zuwa ya yi rawa a hancin mage. Ja abin a ƙasa yana nisantar ta. Ka tsayar da shi cak, ka ɗan motsa shi kaɗan, ka shigar da shi bayan ƙafar kujera ya ɓace mata. Lokacin da ta daina ganin sa ne za ka ga ta kwanta da ciki, gashin bakinta ya miƙe gaba. Bar ta ta kama shi lokaci-lokaci, ta danne, ta yi ta shuri da ƙafafun baya. Can wajen ƙarshe ka rage gudun abin, ya zama kamar ya jigata, ka bar mata kamu na ƙarshe. Idan ta kwanta a gefe tana kai hannu kawai ba ta tashi, ta gaji. Tsohuwar mage ko mai ƙiba minti biyar ma ya ishe ta, kuma da ka ga tana haki baki buɗe ka tsaya.

Ina da ja a kan ɗan fitilar nan mai jan ɗigo da ake haska musu a ƙasa. Tana sa su gudu ƙwarai, amma babu abin kamawa, sai mage ta ƙare a tunzure maimakon a gajiye. In ka yi amfani da ita, ƙarasa da abin da za ta iya riƙewa da farce.

Da an gama wasa sai abinci. Ba ƙari za ka yi mata ba, lokacin cin nata za ka matso da shi ya dace da darasi. Ɗauke sandar wasan ka kulle a durowa, saboda igiyar. Ka tabbata akwatin yashin da take ba-haya a ciki a share yake, ga ruwa. Kafin ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa za ka same ta tana lasar hannu tana goge fuska, alamar barci ya kusa.

Mataki na 3: Ba ta wurin zama nata a ɗakin

Hana mage abu ba tare da ba ta madadi ba wahalar banza ce. Tana hawa fiyano ne don yana da tudu, yana kusa da kai, kuma daga nan tana ganin kowa. Tana kwanciya a kan kwamfuta ko na'urar ƙara sauti don ɗumi, domin jikinta ya fi son zafin da ya kai digiri 30 ko fiye. Tana shiga akwatin jita don lungu ne mai taushi. Sai ka haɗa mata waɗannan a wuri ɗaya da ya fi fiyanon daɗi.

Nemi kantar ajiye kaya ko kujera mai tudu, taku biyu ko uku daga inda kake zama, inda za ta ga fuskarka amma ba za ta iya dira kan madannai da tsalle ɗaya ba. Kada ya kasance a gaban lasifika ko bakin ƙaho. Ɗora kwali mai ɗan zurfi, ka shimfiɗa tsohuwar rigarka da ba a wanke ba. Kada ka raina kwali. A 2014 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun nuna cewa kyanwoyin da aka kawo gidan ajiye dabbobi, waɗanda aka ba su akwatin ɓuya sun fi saurin natsuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. In akwai taga kusa, ya fi.

Yanzu sai koyarwa, kuma ba a lokacin darasi za ka fara ba. Ajiye ɗan abin maƙulashe a cikin kwalin ka bar ta ta gano da kanta. Duk sanda ta hau, ba ta wani. Bayan 'yan kwanaki sai ka haɗa da kalma ɗaya, misali "hau", kana nuna wurin da yatsa. Idan ta kama, zauna a gaban kayan kiɗanka, buga sauti biyu ko uku, in tana zaune a wurinta ka miƙa mata lada. Sannan layi ɗaya, lada. Sannan rabin shafi. Kana tsawaita tazarar a hankali har ya zama sau biyu ko uku a darasi gaba ɗaya. Minti uku zuwa biyar a kowane zama ya isa, mage ba ta da dogon haƙuri. Ladan ya zama ƙanana ƙwarai, kuma a cire shi daga abincin yini.

Akwai tarko a nan. Kada ka ba ta lada nan take bayan ta hau fiyano ka mayar da ita kwali. Mage mai wayo za ta haɗa lissafi: in hau fiyano, a ɗauke ni, a ba ni. Bari ta ɗan zauna, ko da rabin minti ne, sannan ka ba ta. Mafi kyau ma ka riga ta, ka ba ta tun tana zaune lafiya ba ta yi komai ba. Mun saba mu manta da mage idan ta yi shiru, sai ta yi ɓarna mu tuna da ita, kuma tana lura.

Mataki na 4: Daina biyan ta idan ta katse darasi

A wurin mage mai neman kulawa, kallo biya ne. Kiran sunanta biya ne. Dariyar ɗalibi biya ne. Hatta "ke, sauka!" da tsawa biya ne, domin ka bar abin da kake yi ka juyo gare ta.

In kuka take yi, ci gaba da kiɗa, kada ka kalle ta. Ba abu ne mai sauƙi ba, kuma akwai dalili. Manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu irin wannan kukan ba, mutane suke yi wa. A 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex a Ingila ta nuna cewa wasu kyanwoyi, idan suna neman abu wurin mai su, suna cusa wani siririn kuka a cikin gurnaninsu na jin daɗi, mai kama da kukan jariri a kaifi, kuma mutane suna jin sa a matsayin abin gaggawa. In ka ji ranka ya ƙi kwanciya, ba rauninka ba ne.

In ta hau kayan kiɗa, dole a sauke ta, amma a yi shi ba armashi. Kada ka yi magana, kada ku haɗa ido, kada ka shafa ta. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya, ka ajiye ta a ƙasa ko a wurinta, ka koma kan layin da ka tsaya. Ta dawo, ka sake. Ta kuma dawowa, ka kuma.

Ka shirya wa abu ɗaya: kafin ya gyaru sai ya ƙara lalacewa. Abin da ya saba biyan ta ya daina, to za ta ƙara ƙarfi. Kukan zai yi tsawo, za ta ture fensir daga kan tebur tana kallon ka, za ta ja takarda da farce. Masu nazarin halayyar dabbobi sun daɗe da sanin wannan. Nan ne mutane ke karaya su ce dabarar ba ta aiki, alhali alamar tana aiki ke nan. Kuma in ka jure minti goma sannan ka sallama, ka koya mata cewa minti goma ake yi kafin a samu. Tun gwaje-gwajen masanin halayya B. F. Skinner a kan ɓeraye da tantabaru aka tabbatar cewa halin da ake saka wa wani lokaci a hana wani lokaci ya fi wuyar bari a kan wanda ake saka wa kullum. Gara ka ƙi farawa da ka fara kana yi kana fasawa.

Ɗalibi ma sai ya shigo cikin shirin, musamman yaro. Gaya masa tun a bakin ƙofa: "In ta zo wurinka kada ka kalle ta, kada ka taɓa ta. In mun gama zan bar ka ka gaishe ta." In ya ce, "Malam, ai tausayi take ba ni," ka ce masa ta ci ta ƙoshi, wasa take nema, kuma za ta samu. Sai ka cika alkawari: minti biyu a ƙarshen darasi na mage ne. Yara da yawa wannan yana sa su ƙara mayar da hankali.

Duka, fesa ruwa, buga murfin fiyano don ta firgita, duk ka bar su. Ba sa koya mata inda za ta zauna. Abin da suke koya mata shi ne tsoron ka da tsoron ɗakin, kuma mage mai damuwa tana iya komawa yin fitsari a wajen akwatinta. Ranar da ka samu fitsarin mage a cikin akwatin goge za ka gwammace kukan.

Mataki na 5: Idan sautin ne ke damun ta

Wannan ba a yi mata shariya, domin ba roƙo take yi ba. Buɗe mata hanyar fita, ka shirya mata wuri a ɗaki mafi nisa, da ruwa da yashi da wurin ɓuya. Kada ka taɓa riƙe ta a ɗakin don ta saba. In kana so ta rage tsoro, yi shi a hankali: sauti ɗaya marar ƙarfi, ita tana nesa tana cin abin da take so. Kunnuwa suka kwanta ko ta bar cin, ka yi sauri da yawa, koma baya. Robar da ake ɗora wa goge don rage ƙara, ko toshin bakin ƙaho, ko sa abin ji na kunne a fiyanon lantarki lokacin atisaye, duk suna sauƙaƙa mata.

Kuma kada ka ɗauka kiɗanmu daɗi yake mata. A 2015 Charles Snowdon da Megan Savage na Jami'ar Wisconsin-Madison sun kunna wa kyanwoyi 47 kiɗan mutane da kuma kiɗan da aka tsara bisa kaifin muryar mage da saurin gurnaninta. Na biyun suka fi matsowa suna goga jiki a lasifika, na mutane kuwa ba su cika kula shi ba.

Mataki na 6: Kare kayan kiɗa, ka kare ta daga gare su

Rufe murfin madannai duk sanda ka tashi. Babban fiyano mai buɗaɗɗen sama a rufe shi ma, don takan shige ciki ta kwanta, gashi ya cika wurin, farce ya yagi ulun da ke jikin 'yan gudumomin da ke buga tsirkiyoyinsa. Akwatin jita ko na goge a rufe shi da an ciro abin. Jitar da aka jingina a bango tana jiran ranar faɗuwa ne, a rataye ta ko a mayar jaka. Bakan goge da izgar doki ake yin sa, kuma kyanwoyi suna son tauna ta.

Haɗari mafi girma guntayen tsirkiya ne, ranar da ka canza wa jita ko goge. Harshen mage yana da ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi, sai haɗiya. Zare ko tsirkiya a hanji yana iya tattare hanjin har ya yanka shi, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Fitar da ita daga ɗakin kafin ka fara, ka ƙirga guntayen, ka zuba su a shara mai murfi. In ka ga zare yana leƙowa daga bakinta ko duburarta, kada ka ja, kai ta wurin likitan dabbobi nan take. Man da ake ɗiga wa ƙaho da ruwan goge kaya su zauna a durowa, wayoyin lantarki kuma a tattare su a rufe.

Mataki na 7: Baƙin ɗalibai da darasin intanet

Kafin sabon ɗalibi ya fara zuwa, gaya masa ko iyayensa cewa akwai mage a gidan. Wasu jikinsu ba ya ɗaukar ta: atishawa, jan ido, ƙaiƙayi, mai asma kuma tana iya tashi. Abin da ke jawo haka wani sinadari ne mai suna Fel d 1 da ke cikin yawunta da fatarta, yana manne wa labule da darduma har tsawon watanni. Fitar da ita minti biyar kafin ɗalibin ya iso ba ya magance komai. Irin wannan ɗalibi gara a yi masa darasi a ɗakin da ba ta shiga sam, ko a wani wuri. Wasu kuma tsoro suke ji, kuma ba kowa ke faɗa ba. Ba kuma kowace mage ce kyanwar Lami ba, saboda haka kada ka bar ƙaramin yaro shi kaɗai da ita.

A darasin Zoom matsalar madannan kwamfuta ce, taku ɗaya ta kashe maka murya ko ta yanke kiran. Ɗora kwamfutar a kan abin da ke karkata ta yadda ba wurin kwanciya, ka sa kwalinta a bayan kyamara.

Mataki na 8: Rufe ƙofa, da lokacin ganin likita

Wata mage duk abin da ka yi ɗakin darasi ba nata ba ne, musamman 'yar ƙarama da ba ta kai shekara ba. Rufe ƙofa ba zalunci ba ne, amma shi ma koyar da shi ake yi. Ka sa ta a wani ɗaki bayan wasa da abinci, da ƙwallon nan mai huji da ake zuba abinci a ciki tana turawa yana faɗowa, kuma ya zama sai lokacin darasi take ganin sa. Fara da minti biyar a ranar da ba darasi. Ka buɗe lokacin da ta yi shiru, ba lokacin da take yakushin ƙofa ba. In za ka iya sa ƙofa biyu tsakaninku, ya fi.

Ka ba dukan tsarin makonni kafin ka yanke hukunci, kuma kowa a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya. Amma in magen da ba ta saba ba ta fara yawan kuka ko naci kwatsam, likitan dabbobi za ka fara nema kafin horo. A tsofaffin kyanwoyi, yawan aikin ƙullin wuya da ake kira tayirod, hawan jini, ciwon gaɓoɓi da raunin ji duk suna kawo haka, musamman in tana ramewa alhali tana ci sosai. Macen da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba kuwa, in lokacin neman muzuru ya zo, babu horon da zai tsayar da kukanta. Akwai kuma wata farfaɗiya da likitocin dabbobi a Birtaniya suka bayyana a 2015, wadda siririn sauti mai kaifi ke tayarwa, galibi a kyanwoyin da suka kai wajen shekara 15. In ka ga tsohuwar magenka tana zabura ko jikinta yana fizga duk sanda aka buga wani sauti, dakatar da kiɗa a kusa da ita, ka ɗauki bidiyon abin a waya in ya sake faruwa, ka nuna wa likita.